Akawu a Garken Baffa Sajo

Shekara goma sha bakwai Sha'aibu ya yi yana ƙirga shanu, amma bai taɓa ɗora hannunsa a kan ko ɗaya ba. Akawu ne na ƙaramar hukuma. Duk ranar Alhamis sai ya baro gidansa a Gumel, ya kafa tebur a bakin karar Maigatari inda ake cinikin dabbobi, ya buɗe littafi, ya lashi yatsa, ya dinga nuna shanun da ake korawa cikin manyan motoci da bakin biro: ɗaya, biyu, uku. Teburin nan kuwa kullum yana tsakaninsa da su. Tsoron ƙaho yake yi, tsoro na gaske, tun yana ɗan shekara tara da san huɗar mahaifinsa ya ɗaga shi sama ya maka shi a kan kunya a gonarsu ta Gagarawa. Tabon yana nan a haƙarƙarinsa na hagu har gobe.

Sai aka kawo wata 'yar na'ura mai fitar da rasit da kanta, aka ce Malam Sha'aibu ya koma ofis. Ofis ɗin me? Ya sa hannu da safe, ya zauna a gindin darbejiya shi da sauran waɗanda aka manta da su, a yi gardamar siyasa, a ci gyaɗa, azahar ta yi a watse. Shekara biyu yana haka. Wata rana ya dubi ɓawon gyaɗar da ya tara a gabansa, ya ga shi ne kaɗai aikin da ya yi a yinin, kunya ta kama shi.

Abin da ba kowa ya sani ba, zaman bakin kara ya bar masa kunne. Ya san tarin saniyar da ta shaƙi ƙura, ya san na wadda ta ƙware da dusa. Ya kuma san wani gajeren tari busasshe da saniya kan yi ta miƙe wuya tana neman iska, wanda in ya ji shi ya san mai ita zai sakar wa mahauta ita a wulaƙance, ya tafi yana share ido da bakin rawani. Tarin nan ne ya kai shi wurin Dakta Ummulkhair, likitar dabbobi a Gumel, wadda ke koya wa mutane yin allurar rigakafi a ƙauyuka. Wata tara ya yi a hannunta. Ranar da ya ajiye aikin gwamnati, yayansa Shehu ya tako har gida.

"Kai Sha'aibu, lafiyarka kuwa? Shekara arba'in da huɗu, ga iyali, ka bar kujera ka koma bin gindin shanu? Kai da ko ragon layya aka kawo sai dai ka leƙo ta taga!"

Abin haushin shi ne Shehu bai yi ƙarya ba. A wata taran nan awaki ya yi wa allura, da tumaki, da wasu bijimai na kiwon gida masu igiya a hanci, waɗanda ƙarti biyu suka danne masa. Bai taɓa shiga garke sakakke ba. Sau da yawa yana tsakiyar cin tuwo maganar Shehu za ta dawo masa, ya tsame hannunsa daga kwano.

To, ga rana ta zo. Kaka ce, an gama yankan gero, zafi na dukan tsakar ka tun da hantsi. Dakta ta ji labarin ciwon huhu ya ɓulla a wasu garkuna, ta kira shi ta miƙa masa kwalabe uku na rigakafi.

"Rugar Baffa Sajo za ka, gaba da Sule Tankarkar. Shekara da shekaru bai bar kowa ya taɓa masa shanu ba, bana da kyar ya ce a zo. In ya karɓe ka, duk rugagen yankin sun karɓe ka. In ya kore ka, ba mai sake buɗe maka shinge a can. Kuma ka riƙe wannan: ran maganin nan ƙanƙara ne. Ta narke, ya mutu, sai zubarwa."

Matarsa Safara'u ce ta samo ƙanƙarar da sassafe a wurin mai sayar da ruwan sanyi. Ta jera kwalaben a kula, ta naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, ta ɗaure masa a bayan babur.

"Malam, in saniya ta biyo ka, don Allah ka ajiye kular a hankali kafin ka ruga. Aronta na yi."

Ya yi dariya don kada ta gane tsoron da yake ji.

Gaisuwa dai ya yi ta yadda ya kamata, nan ba a same shi da laifi ba. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi kiwo. Baffa Sajo dattijo ne dogo siriri, mai magana ƙasa-ƙasa kamar ba ya son ta ƙare masa. Matarsa Goggo Mairo ta kawo kindirmo a ƙwarya, Sha'aibu ya sha ya gode. Can gefe, cikin shingen ƙaya, garken yana tsaye, an gama tatsa ba a saki ba. Jajaye da farare, ƙahoni sun cika wurin. Kallo ɗaya ya yi musu ya ji tabon haƙarƙarinsa ya motsa.

Wallahi tsoron ne ya ja masa. Mutum in ya tsorata, abin da ya saba da shi yake rarumowa. Yana so ya san kwalba nawa zai haɗa, don maganin in an haɗa shi da ruwansa ba ya jimawa yake lalacewa. Kafin ya ankara hannunsa ya zaro littafi, ya zaro biro daga aljihun gaba, ya lashi yatsa.

"To Baffa, kai nawa ne?"

Goggo Mairo da ke wanke ludayi ta tsaya da shi a hannu.

"Ba su da yawa," in ji Baffa Sajo. "'Yan abin da Allah ya bari ne."

Mai hankali da nan zai tsaya. Ina! Sha'aibu ya miƙe ya ce, "Ba komai Baffa, bari in duba da kaina." Ya ɗaga biro ya soma nuna su: ɗaya, biyu, uku. Ya kai sha ɗaya sai ya ji sanda ta sauka a kan biron, ba da ƙarfi ba, ta kwantar da shi ƙasa.

"Na tuna ka," in ji dattijon. "Kai ne akawun bakin kara." Ya juya wajen ɗansa na uku, wani magidanci mai gemu da ke tsaye a bakin shinge. "Hamza, rana ta yi, a sake su." Sannan ya dubi Sha'aibu ba tare da ya ɗaga murya ba. "Akawu, ka gaida gida."

Da ya zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Ya koma gindin wata aduwa inda ya kafe babur. Ya buɗe kula. Ƙanƙarar ta soma iyo a cikin ruwanta, rabi ya tafi. Ya rufe. Shi ke nan, Shehu ya yi gaskiya. Wata tara, da aikin da ya ajiye, duk ya ɓarar da su cikin numfashi biyu, bai ma san me ya yi ba. Har ya fara tunanin wa zai kama wa ƙafa a mayar da shi gindin darbejiya, ko da kujerar ta zama ta wani.

"Ɗan nan."

Goggo Mairo ce, ta biyo shi da ƙwarya da faifai a hannu. Ta tsaya tana kallonsa kamar wadda dariya ke ci.

"'Ya'yanka nawa?"

Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ji ba ya so. "Alhamdu lillahi, Goggo, akwai su."

"Au, kai ma ka iya? To in baƙo ya shigo gidanka, ya sha ruwanka, ya jera su yana nuna su da tsinke, ɗaya biyu uku, tabarma za ka ƙara masa?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Mu duk wanda ya taɓa ƙirga mana shanu, ko jangali ya zo karɓa, ko bakinsa ya bari a kansu su yi ta mutuwa. Tsohon nan yana yaro kwana uku ya yi a daji da shanun ubansa, ana ɓoye su daga masu littafi irin naka. Shi bai san su da lissafi ba. Kowace da sunanta, ya san uwarta, ya san kakarta. Kai kuma ka zo ka ce kai nawa, sai ka ce albasa."

"Goggo, wallahi ban sani ba."

"Na ga alama. Shekara nawa kana cikin shanu?"

"Goma sha bakwai."

"Tabɗi! A gefensu dai."

Tana rufe baki ya ji shi. Can daga tsakiyar garken, ƙarƙashin kukan maruƙa da ƙarar ƙahoni, wani gajeren tari busasshe, sau biyu. Ya kasa kunne, aka sake yi. Ba na ƙura ba ne, ba na dusa ba ne. A duk abin da ke duniyar nan yana iya yin shakka, har da kansa, amma ban da wannan tarin. In ya hau babur ya tafi, nan da wata biyu zai ji labarin garken nan a bakin mahauta.

"Goggo, riƙe min waɗannan."

Ya miƙa mata littafin da biron. Ta jefa su cikin ƙwarya ta kifa faifai a kai. Ya kwance kular ya rungume ta, ya nufi shingen da sauri. Hamza ya riga ya janye ƙayar bakin ƙofa, shanun gaba sun fara motsi. Sha'aibu ya zube a gaban dattijon, gwiwa a ƙasa.

"Baffa, na yi kuskure, ka yafe min. Hannu ne ya saba. Ba na neman adadinsu, ba zan kuma tambaya ba. Amma akwai mai tari a garken nan. Ban gan ta ba, jin ta na yi. Tarin huhu ne. Na sha jin sa a bakin kara, na kuma ga fuskar masu shanun bayan nan. Ba na so in ga taka haka."

Hamza ne ya kasa haƙuri ya ce a hankali, "Ɓaleye ce. Yau kwana huɗu." Uban ya watsa masa harara, amma magana ta riga ta fita.

"A ware ta nesa, da ruwanta daban," in ji Sha'aibu, har yana mamakin yadda muryarsa ta tsaya. "Ita ba rigakafi take buƙata ba, Dakta zan kira ta zo ta duba ta. Sauran kuwa yau ce ranarsu, kafin ƙanƙarar nan ta ƙare. Kwalba ɗaya zan haɗa, in ta ƙare in haɗa wata. Kai ka kira min su da sunansu."

Dattijon ya ɗaga sanda ya nuna wata jar saniya da ke tsaye a gaban garken, ƙahoninta sun buɗe sun fi faɗin hannu biyu na mutum.

"Waccan Woɗeye ce, ita ce uwar garke. In ta tsaya maka, duk za su tsaya. In ba ta tsaya ba, ni ma babu ruwana."

Allah sarki Sha'aibu! Ya haɗa maganin, ya zuƙa a sirinji. Hamza ya mayar da ƙayar ƙofa, ya jefa wa saniyar igiya a ƙaho ya riƙe. Sha'aibu ya tsallaka cikin shingen. Karo na farko a rayuwarsa ga shi a tsakiyar garke, babu tebur. Ɗumin jikinsu ya rufe shi, wata ta hura masa numfashi a ƙeya.

"Baffa," ya ce, don ya ga ɓoyewa ba ta da amfani, "tsoronta nake ji."

"Ta sani. Tun kana kan babur ta ji warinsa."

Ya tunkare ta ta gaba, da sauri, irin na mai son ya gama ya huta. Allurar na taɓa fata ta fizge kai. Ƙahon ya shafo ƙirjinsa, ya ɗauke aljihun gaban rigar nan inda biro ke zama, ya keta ta har ciki. Sai ga Malam Sha'aibu zaune daɓas a cikin kashin shanu, sirinji a sama, allura ta lanƙwashe. Daga bayan shinge Goggo Mairo ta saki salati, ta biyo shi da dariyar da ta kasa riƙewa.

Ya shafa ƙirjinsa. Babu jini. Ya zauna yana haki, abin da ya yi shekara talatin da biyar yana gudu ya same shi, ga shi kuma da ransa. Ya dubi ƙofar shingen, taku biyar ce tsakaninsu, ba wanda zai hana shi fita. Ya dubi kular da ke gindin shinge, buhun da Safara'u ta jiƙa ya bushe ƙamas. Haushi ya taso masa, haushin kansa, haushin gyaɗar darbejiya. Ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya cire lanƙwasasshiyar allurar ya sa sabuwa.

"Baffa, nuna min yadda ake zuwa wurinta."

Dattijon ya jingina sandarsa, abin da bai yi ba tun safe. Ya tako ya kama hannun Sha'aibu na hagu.

"Ba a zuwa ta gaba, kai ba sa ba ne. Ta kafaɗa. Hannu ne ke fara gaisawa, ba ƙarfe ba. Ɗora nan. Ka bar shi. Yanzu kira ta."

Fatar tana da ɗumi, tana rawa ƙarƙashin tafinsa. Ashe ita ma tsoron take ji.

"Woɗeye," in ji shi. "Woɗeye. Yi haƙuri, uwar garke."

Ta juyo da kunne ɗaya. Ya ci gaba da shafa ta har ya ji naman ya saki. Ya tattaro fatar da yatsu kamar yadda Dakta ta koya masa, ya yi bisimilla, ya soka, ya tura maganin. Ta kaɗa jela sau ɗaya, ta ci gaba da tuƙa abinta.

"An yi?" in ji Hamza.

"An yi."

"Sai Raneye," in ji Baffa Sajo, kamar ba abin da ya faru. "Farar can. 'Yarta ce, amma ta fi ta kirki."

Sha'aibu ya ce a samo masa toka ko wani abu ya dinga shafa wa waɗanda aka yi wa, don kada a maimaita.

"Alama?" Dattijon ya taɓe baki. "Ni ne alamar. Yi aikinka."

Haka suka yi ta yi. Baffa ya kira suna, saniya ta ɗago kai, Hamza ya jefa igiya, Sha'aibu ya ɗora hannu. Kowace da labarinta. Wannan uwarta ce ta haihu a hanyar Damagaram shekarar da ruwa ya yi gardama. Waccan ta Goggo ce, da ita ta zo gidan. Ga wata mai satar shiga gonar wake, ta ja musu faɗa da manoma har sau biyu. Wata ta taka wa Sha'aibu ƙafa ya ga taurari da rana tsaka, ya ɗingisa ya wuce ta gaba. Kwalbar farko ta ƙare, ya haɗa ta biyu. Sai da suka zo kan maruƙan da suka isa allura, aka gama da na ƙarshe, sannan ya lura da wani abu da ya ba shi mamaki: bai san ko su nawa ba ne. Bakinsa bai ƙirga ba, zuciyarsa ma ba ta ƙirga ba.

Hamza ya ja Ɓaleye, baƙar nan mai tari, zuwa wata inuwa can nesa ya ɗaure, sannan ya saki sauran suka nufi karan gonaki. Goggo Mairo ta kawo ruwa Sha'aibu ya wanke hannu da fuska. Ta ɗaga faifai ta miƙa masa kayansa.

"Ga tsinkenka. Aljihun da za ka sa shi ne dai babu."

Baffa Sajo ya dubi littafin. "Me za ka rubuta?"

"Kwalba biyu na kashe, da saniya ɗaya da ke buƙatar Dakta. Wannan haƙƙinta ne ta sani. Sauran ban sani ba, Baffa, balle in rubuta."

Dattijon ya sunkuya ya buɗe kular da kansa, ya leƙa. Kwalba ɗaya ta rage, kusa da ita ƙanƙarar da ba ta fi dunƙulen hannu ba.

"Wannan za ta kai wane lokaci?"

"In an yi sauri, ta kai azahar."

"Rugar ƙanena tana bayan tudun can. A rijiya ɗaya muke shayarwa." Ya miƙa wa Goggo Mairo sandarsa, ya tattare riga, ya ɗaga doguwar ƙafarsa ya haye bayan babur ɗin, ya ɗora kular a cinya ya rungume. Sha'aibu ya tsaya baki buɗe, riga a kece, ƙafa a kumbure.

"Me kake kallo?" in ji Baffa Sajo. "Tayar mana, Likita, ƙanƙararka na narkewa."